Sauri Ya Haifi Nawa: Abin da Masu Binciken Kwamfuta Suka Gano Game da Aminci

A wannan sati filin namu zai leƙa cikin cikin na'urar nan da ta mamaye ofisoshi da kantuna, wato kwamfuta, ko ordinatar kamar yadda aka fi kiran ta a nan gida. Dalili kuwa shi ne, lissafin ɗan kasuwa da albashin ma'aikaci duk sun koma hannunta, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar abin da ke riƙe da ita kanta.

Ranar Juma'a 19 ga watan Yuli na shekarar 2024, da ƙarfe 5 da minti 9 na asuba agogon Nijar, wani kamfanin Amurka mai suna CrowdStrike, wanda sana'arsa ita ce kare kwamfutoci daga ɓarayin intanet, ya aika ma abokan cinikinsa wani ɗan ƙaramin gyara irin wanda ya saba aikawa. Bayan minti 78 ya janye shi, amma aikin gama ya riga ya gama. Kwamfutoci miliyan 8 da rabi masu aiki da Windows suka sume, fuskarsu ta koma shuɗiya, in an kashe an kunna sai su sake sumewa. Jiragen sama suka kasa tashi a Amurka da Turai da Asiya, likitoci a Ingila suka kasa buɗe takardun majinyata, gidan talabijin na Sky News ya ɗauke. Kamfanin jirage na Delta shi kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya kuma ce ya yi asarar dalar Amurka miliyan 500, wato wajen miliyar 300 na sefa. Babu ɓarawon da ya kai hari a ranar, mai gadin gidan ne da kansa ya yi ɓarnar.

SARKIN TASHA NA CIKIN NA'URA

Domin a fahimci yadda haka ta faru, sai an san abin da ake kira tsarin tafiyar da kwamfuta, wanda ma'aikatanmu suka sani da sunan système d'exploitation. Windows da Linux da macOS duk irinsa ne, haka ma Android ɗin da ke cikin talhon da ke aljihunka, wanda a kan Linux aka gina shi. Aikinsa ya yi kama da na sarkin tasha. Motoci sun yi yawa, filin kuwa ɗaya ne, saboda haka shi ke cewa wace za ta yi lodi yanzu, wace za ta jira layi, ina kowace za ta tsaya. A cikin kwamfuta manhajoji ne motocin: wadda ke rubuta wasiƙa, wadda ke lissafin kaya, wadda ke buɗe intanet. Kowace tana son ƙwaƙwalwar na'urar ta saurare ta, kowace tana son wurin ajiye bayananta. Tsarin tafiyarwa ne ke raba masu lokaci da wuri, yana kuma hana wata taka filin wata.

A tsakiyar wannan tsari akwai wani sashe mai cikakken iko, wanda za mu kira cibiya. Manhajar da ke aiki a wajen cibiya, in ta yi kuskure sai a rufe ta, sauran su ci gaba da harkarsu. Wadda ke aiki a cikin cibiya kuwa tana riƙe da makullan kowane ɗaki, in ta yi kuskure babu wani na sama da ita da zai tsawata mata, don haka tsarin kan gwammace ya tsayar da komai da ya ci gaba da aiki a ruɗe yana lalata bayanai. Shuɗiyar fuskar nan ita ce alamar wannan tsayawa. To su wa ake bari su shiga cibiya? Mafi yawansu tafintoci ne, wato ƙananan manhajojin da Faransawa ke kira pilotes, masu fassara magana tsakanin tsarin da kayan da aka haɗa masa, kamar injin buga takarda da allo da kyamara. Kamfanoni dubbai ne ke rubuta waɗannan tafintoci, wasu gwanaye, wasu kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta, kuma duka ana ba su makullan.

Manhajar CrowdStrike a cikin cibiya take zaune. Bayanin da kamfanin ya fitar daga baya ya nuna cewa gyaran ya umarce ta da ta duba abubuwa 21, alhali 20 aka tanadar mata. Da ta miƙa hannu neman na 21 sai ta taɓa wurin da ba nata ba, komai ya tsaya. Tun da kuwa na'urar da ta sume ba ta iya karɓar magani ta intanet, sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu. Laifin kamfanin a fili yake, domin ya aika ma kowa gyaran a lokaci guda, bai fara gwada shi a kan ƴan kaɗan ba. Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ginin da kuskuren baƙo ɗaya ke iya rushe shi baki ɗaya, akwai abin dubawa a tushensa, kuma masana sun fi shekara 30 suna gardama a kan wannan tushen.

GARDAMAR MALAM DA ƊALIBI

A shekarar 1987 wani malamin jami'a a birnin Amsterdam na ƙasar Holand, Andrew Tanenbaum, ya rubuta wani ƙaramin tsari mai suna MINIX domin koyar da ɗalibai. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, wanda ya yi koyo da MINIX ɗin, ya fara rubuta nasa, shi ne Linux. A watan Janairu na 1992 suka kaure da gardama a rubuce, duniyar masana tana kallo. Malamin ya ce ɗalibin ya koma tsohon yayi, tun da ya tara komai cikin babbar cibiya guda. A ganinsa kamata ya yi cibiya ta zama ƴar ƙarama, aikinta rabon lokaci da wuri da isar da saƙo kawai, tafintoci da sauran ma'aikata kuwa a fitar da su waje, kowa da ɗakinsa. Ɗalibin ya amsa cewa a takarda shawarar malam ta fi kyau, amma nasa tsarin yana aiki yau, kuma yana sauri.

Kasuwa ta bi ɗalibin, kuma tana da hujja. In ma'aikata suna ɗaki guda, magana da baki ta isa. In kowa na ɗakinsa, sai an tura ɗan aike, kuma kowane aike yana cin lokaci. Fitacciyar ƙaramar cibiya ta wancan zamani, mai suna Mach, wadda aka fara a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1985, ta yi ƙaurin suna wajen nawa. Mai sayen na'ura kuwa sauri yake iya gani da idonsa a kanti. Aminci sai ranar masifa ake sanin akwai shi ko babu. Haka aka wayi gari cibiyar Linux ta haura layin rubutu miliyan 30, kuma babu mahalukin da ya karance ta duka.

Daga baya aka zo aka ƙidaya ɓarnar. A 2001 wasu masu bincike na jami'ar Stanford, ƙarƙashin Dawson Engler, suka sa na'ura ta tace rubutun Linux tana neman kurakurai. Suka tarar tafintoci ne kusan kashi 70 cikin 100 na rubutun, kuma yawan kuskure a cikinsu ya ninka na sauran sassa sau 3 zuwa 7. A 2003 masu bincike na jami'ar Washington suka ruwaito daga Microsoft kansa cewa kashi 85 cikin 100 na sumar Windows XP daga tafintoci take fitowa. Ashe wake ɗaya da ke ɓata gari, an san buhun da yake fitowa. Daga nan binciken ya kasu hanyoyi, kowace da masu bin ta.

BANGO TSAKANIN RUMFUNA

Hanya ta farko ita ce ta gina bango. Dattawan Yamai ba su manta da gobarar da ta cinye babbar kasuwa a 1982 ba, kuma kowane ɗan kasuwa ya san bambancin rumfunan zana da ke jingine da juna da shagunan siminti masu ƙofar ƙarfe. Maginin kirki bai yi alkawarin wuta ba za ta taɓa tashi ba. Alkawarinsa shi ne in ta tashi a shago ɗaya za ta tsaya a nan. Da wannan tunani Tanenbaum ya fitar da MINIX 3 a 2005. Cibiyarsa layuka ƴan dubbai ce, kowane tafinta yana ɗakinsa, kuma akwai wani mai sintiri da ke zagayawa yana ƙwanƙwasa ƙofa. Tafintan da bai amsa ba, sai a sallame shi a kawo sabo nan take. A wajen gwaji, ɗalibansa sun riƙa kashe tafintan intanet da gangan bayan kowane ƴan daƙiƙoƙi, ana cikin sauko da babban fayil, amma fayil ɗin ya iso cikakke, sai ɗan jinkiri kawai. A 2008 Tarayyar Turai ta ba shi yuro miliyan 2 da rabi domin ci gaba da aikin. MINIX 3 bai samu kasuwa a kan tebura ba, amma a 2017 aka gano cewa kamfanin Intel ya saka shi a ɓoye cikin wani sashe na ƙwaƙwalen da yake ƙerawa.

Saura batun nawa. Wani Bajamushe mai suna Jochen Liedtke ya ƙi yarda cewa dole ƙaramar cibiya ta yi nawa. A ganinsa ɗan aiken Mach ne aka ɗora ma kaya fiye da kima. A 1993 ya sake rubuta hanyar isar da saƙo daga tushe, yana ƙidaya kowane taku, har ya nuna ana iya ninka saurin Mach fiye da sau 10 wajen gajerun saƙonni. Cibiyarsa ita ce L4. A 1997 masu bincike a jami'ar Dresden suka ɗora Linux a kanta, suka auna, suka ga abin da aka rasa na sauri bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba. Liedtke ya rasu a 2001, amma jikokin L4 sun shiga talhuna sama da miliyar 1 da rabi kafin ƙarshen 2012, kuma sashen da ke ajiye sirrin mai iPhone a kan wani reshenta yake aiki.

Manyan kamfanoni ma sun ɗauki darasin, ko da yake da kaɗan-kaɗan. Tun daga Windows Vista na 2007 aka fitar da babban ɓangaren tafintan allo daga cibiya, shi ya sa yau in ya rikice sai allon ya ƙifta ya dawo, alhali a da sai na'urar duka ta sume. Apple ya fara korar manhajojin baƙi daga cibiyar macOS a 2019. Microsoft kuwa, bayan abin da ya faru a Yulin 2024, ya tara kamfanonin tsaro a watan Satumba, ya kuma sanar da shirin ba su hanyar yin gadinsu daga waje. Shawarar da aka yi ma dariya a 1992 ita ake komawa a hankali.

HUJJA IRIN TA LISSAFI

Hanya ta biyu ta fi ta farko buri. Gwaji, komai yawansa, yana nuna kuskuren da aka ci karo da shi ne kawai. Ɗan kasuwar da ya zura ƙarfe cikin buhu 10 daga cikin 1,000 bai isa ya rantse a kan sauran ba. To ko za a iya tabbatar da ingancin manhaja kamar yadda ake tabbatar da ƙa'idar lissafi, ta yadda babu halin da aka bari ba a duba ba? An daɗe ana ganin abin ya fi ƙarfin ɗan Adam. A 2009 wata ƙungiyar masu bincike a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, ƙarƙashin Gernot Heiser da Gerwin Klein, ta sanar cewa ta yi. Cibiyarsu, seL4, jikanyar L4 ce mai layi 8,700. Hujjar da suka rubuta a kanta ta kai layi 200,000, kuma na'ura ce ta bi ta mataki-mataki ta tantance. Aikin ya ci ƙarfin da ya yi daidai da na mutum ɗaya na wajen shekara 20. Kafin su duƙufa ga hujjar, gwaji ya tono kurakurai 16. Hujjar ta tono wasu 144 da gwajin bai gani ba.

Hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ta jarraba ta a kan wani jirgi mai saukar ungulu marar matuƙi na kamfanin Boeing. Da farko ƙwararrun da aka ɗauka haya domin su yi kutse sun shiga na'urar jirgin ba wuya. Da aka sake gina ta a kan seL4, aka ba su iko da sashen kyamara da gangan, suka yi iya ƙoƙarinsu amma suka kasa tsallaka bango zuwa sashen tuƙi. Tun 2014 rubutun seL4 da hujjarsa a buɗe suke ga kowa kyauta. Sai dai mai karatu ya yi lissafin da kansa: in layi 8,700 ya ci shekara 20, layi miliyan 30 fa? Hujjar kuma ta tsaya ne a kan sharaɗin cewa ƙarfen na'urar yana aiki yadda aka ce. A watan Janairu na 2018 aka bayyana wasu ɓarakoki biyu, Meltdown da Spectre, waɗanda suka samo asali daga wata dabarar ƙara sauri da masu ƙera ƙwaƙwalen kwamfuta suka shekara wajen 20 suna amfani da ita. Dabarar ta bar kafa a bangon da ke tsakanin manhajoji da cibiya, kuma toshe ta ya rage ma na'urori da yawa sauri. Bashin gaggawa ne aka biya daga baya.

Hanya ta uku ta masu haƙuri ce, waɗanda suka ce tun da ba za a rushe tsohon gida ba, bari a bi shi ɗaki-ɗaki ana kashe ƙwari, domin a bakin masu wannan sana'a ƙwaro ake kiran kuskuren manhaja. A Faransa, Julia Lawall da Gilles Muller da abokan aikinsu suka ƙera wata manhaja suka sa mata suna Coccinelle, sunan ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo da ke cinye ƙwarin shuka. In aka gano kuskure iri ɗaya a wuri guda, sai a kwatanta mata siffarsa, ta bi miliyoyin layuka ta fito da ƴan'uwansa duka. An yi dubban gyare-gyare a Linux da taimakonta. A 2011 suka maimaita ƙidayar Stanford, suka tarar yawan kuskure a cikin tafintoci ya sauka ƙasa da na wasu sassan cibiyar. Wurin da aka sa ma ido ya gyaru. A gefe guda kuma ana sauya harshen rubutun kansa. Microsoft ya faɗa a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakokin tsaron da yake toshewa kowace shekara daga taɓa wurin ajiya ba bisa ƙa'ida ba suke, wato dangin kuskuren CrowdStrike. Wani sabon harshe mai suna Rust yana hana yawancin irin wannan kuskure tun wajen rubutu, kuma a watan Disamba na 2022 aka buɗe masa ƙofar cibiyar Linux.

RANAR DA WUTA TA ƊAUKE

Akwai wani reshe na wannan bincike da ya shafe mu kai tsaye, mu da muka san ɗaukewar wuta a watannin zafi. A ce na'ura tana sauya wani lissafi da ke buƙatar rubutu a wurare uku, ta rubuta biyu sai wuta ta tafi. Littafin ya rikice ke nan: an cire kuɗi daga nan, ba a shigar da su can ba. Maganin da masana suka samo, tsofaffin ƴan kasuwa sun riga su saninsa. Kafin a taɓa babban littafi, sai a fara rubuta niyya a ƙaramin littafin yini: zan cire kaza daga wane, in zuba ma wane. In wuta ta dawo, na'urar ta duba ƙaramin littafin. Abin da aka rubuta niyyarsa cikakkiya sai ta ƙarasa, wanda aka bari rabi sai ta watsar. Windows ya samu wannan dabara da tsarin ajiyarsa na NTFS a 1993, Linux kuma da ext3 a 2001. Rubutu sau biyu yana cin ɗan lokaci, amma ba a jin mai hankali yana kuka da shi. Abin lura shi ne, yawancin ƴan kile na USB da ake yawo da su daga ofis zuwa ofis suna zuwa ne da tsarin ajiya marar wannan ƙaramin littafi. Wanda ya fizge kile ana cikin rubutu, ya yi ma kansa ɗaukewar wuta da hannunsa. Dabarar kuma tsarin littafin take karewa, ba ta dawo da wasiƙar da ka yini kana bugawa ba ka adana ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba mu ke rubuta Windows ko Linux ba, amma mu ke sa hannu a takardar saye, kuma abin da mai saye ke tambaya shi mai sayarwa ke kawowa. Yau fitar da kaya daga duwan ta tsarin SYDONIA take bi, albashi da fansho da haraji duk ta na'ura ake lissafa su. Ranar da irin waɗannan suka tsaya, kamyo na tsaye a kan iyaka kaya na lalacewa, mai iyali kuma na jiran albashi da bashin mai kanti a wuyansa. Saboda haka muna kira ga magabata da shugabannin ma'aikatu, in za a ba da kwangilar na'urori, kada tambaya ta tsaya ga sauri da girman ajiya da farashi. A tambayi ɗan kwangila: in wannan sashe ya mutu, me zai ci gaba da aiki? Minti nawa ko kwana nawa kafin a farfaɗo? Wa ke da ikon aiko da gyara daga waje, kuma za mu iya gwada shi a kan na'ura biyu kafin ya shiga ɗari? Har zuwa wace shekara mai tsarin zai ci gaba da toshe ɓarakokinsa? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, ya kuma sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Ofishin da ke riƙe da bayanan jama'a a kan tsarin da mai shi ya sallama, ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗan kasuwa kuma, nasa bai fi ƙarfinsa ba. Na'urar da ke riƙe da lissafin shago, a bar ta da lissafin, kada ta zama wurin kallon fim da wasan yara, domin kowace manhaja da kowane tafinta da aka ƙara mata, an ƙara ma baƙo makulli ne. A haɗa ta da batirin nan da ake kira ondiler, wanda ke ba da ƴan mintocin adanawa da kashewa cikin natsuwa. A kwafi lissafin kowace yamma a ajiye a wani gida dabam da shagon, a kuma riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci a tabbatar yana karantuwa. Mutane da yawa sai ranar buƙata suke gane cewa rumbun da suka dogara da shi babu hatsi a ciki. Littafin takarda ma kada a yi saurin jefar da shi. A ranar 19 ga Yuli an ga filayen jirgin sama na manyan ƙasashe suna rubuta ma fasinjoji takardar shiga jirgi da alƙalami.

Ga jami'o'inmu kuwa, daga Abdou Moumouni ta Yamai zuwa Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa, rubutun Linux da MINIX da seL4 duk a buɗe suke, babu mai neman ko dala kafin a karanta. Wannan fanni bai buƙatar injuna masu tsada, abin da yake ci shi ne haƙuri da lissafi. Ƙasar da ta ɗora baitulmalinta a kan na'ura tana buƙatar ƴaƴanta da suka san abin da ke cikin cibiya, waɗanda za su iya zama gaban ɗan kwangila su yi masa tambayoyin da muka jera a sama, su kuma gane in ya kauce ma amsa. Torvalds yana ɗalibi ya fara nasa, da kwamfuta guda a ɗakin kwanansa.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da amanar da aka ba mu. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.